Yadda Ƙasa Ta Ke Awon Ruwanta

Manomi ya kan zaga gonarsa da safe ya ga abin da dare ya yi mata. Haka ita ma ƙasa ta ke yi, sai dai gonarta babba ce, ido ɗaya ba ya gama ta. Don haka gwamnati ta zuba ma'aikata a wurare da yawa, aikinsu awo da rubutawa.

Wataƙila kun taɓa ganin wani gwangwani da aka kafa a filin jirgin sama ko a gonar gwaji, da mazurari a bakinsa. Ma'aunin ruwan sama ke nan. Kowace safiya malami ya kan juye ruwan da ya taru cikin kwalba mai lambobi, ya duba, ya rubuta. In ya rubuta milimita 10, watau kowane fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya ya sha lita 10. Ran da ba a yi ruwa ba ma sai ya rubuta sifiri. Kada mu rena sifirin nan, da shi a ke gane fari. Hukumar NiMet ce ke tara waɗannan lambobi. A farkon kowace shekara ta kan faɗi lokacin da ta ke zaton damina za ta sauka a kowace jiha. Zato ne dai, ba alkawari ba, amma ya fi mutum ya yi shuka da ka.

Koguna ma ana awonsu. A Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, akwai ma'auni a bakin ruwa mai nuna hawansa da saukarsa. A 2012 ruwan sama ya yi yawa, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Awo ba ya tare kogi. Amfaninsa shi ne mu ji labari da wuri, mu kwashe iyali da hatsi zuwa tudu.

Akwai kuma taurarin ɗan Adam masu ɗaukar hoto daga sama. Nijeriya ta sami nata na fari a 2003. Irin hotunan nan ne suka nuna ƙafewar Tafkin Cadi. A 1963 girmansa ya kai kamar murabba'in kilomita 25,000, amma bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma.

In akwai ma'aunin ruwa a garinmu, mu hana yara jefa tsakuwa a ciki, kada kuma a ɗaure akuya a jikinsa.