Kumburin saifa ba ya faɗin sunan cuta

A Mai Wurno da ƙauyukan Hausawa na gaɓar Shuɗin Nilu, mai zazzaɓi da ƙarancin jini da kumburin saifa, maleriya ake fara zarginsa da ita, sai kala'azar wadda ta yi katutu a yankin Gadarif da Sannar. Sankarar jini ma haka take shigowa. Abin da ke raba gardama shi ne a shafa ɗigon jini a gilashi a duba, ko a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu da allura. A ɓargon nan ake ganin ƙwayar kala'azar, a nan kuma ake ganin ɗanyun ƙwayoyin jini sun cika wuri idan sankarar jini ce.

Wani zai ce tafiya Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira a Wad Madani tsada ce, balle bayan yaƙin da ya ci garin a Disambar 2023, kuma ai sankara sankara ce. Tsadar gaskiya ce, amma sankarar jini iri-iri ce. Wata tana kisa cikin makonni. Wata kuwa, mai alamar ƙwayar halitta da ake kira Filadelfiya, wadda aka gano a 1960, ƙwayar maganin imatinib ta kullum kan riƙe ta shekaru, kuma sai gwaji ya tabbatar da alamar likita ke rubuta ta.