Beyar ɗin rana a dazukan Borneo

Duk cikin dangin beyar babu ƙarami kamarsa. Nauyinsa bai cika wuce kilo 65 ba, baƙi ne mai tambari ruwan ɗorawa a ƙirji, kuma a dazukan kudu maso gabashin Asiya yake rayuwa. Harshensa kan kai santimita 25, da shi yake zaƙulo zuma da gara daga kogon itace.

Aikinsa a daji ya fi girman jikinsa. In ya ci ɓaure, kashinsa ke yaɗa irin. Ramukan da yake fafewa da farata a jikin bishiya kuwa, tsuntsaye ke mayar da su sheƙa.

Gonakin kwakwar manja sun cinye masa daji, mafarauta na kashe shi don matsarmamarsa, wasu kuma su harbe uwa su sayar da ɗan a matsayin abin kiwo, wanda shi ne mafi muni. A 2008 wani mai suna Wong Siew Te ya kafa cibiya a Sepilok, jihar Sabah ta Malesiya da ke tsibirin Borneo, inda ake renon waɗanda aka ƙwato, a koya musu hawan bishiya da neman abinci, sannan a saki masu iyawa cikin gandun daji.