Ƙetare Ruwa Mai Zurfi da Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, damina ita ce lokacin da hanyoyin karkara kan sauya kama. Ƙoramar da ake takawa da ƙafa a watan Maris, ba komai cikinta sai yashi, takan cika ta tumbatsa a watan Agusta, har ta raba ƙauye da kasuwarsa, ta raba makaranta da malamanta. Ko manyan hanyoyi ba su tsira ba, domin a shekarun 2012 da 2022 ambaliya ta shafe wani ɓangare na hanyar Abuja zuwa Lakwaja, matafiya suka yi kwanaki a tsaye. A irin wannan lokaci, ma'aikatan rigakafi da malaman gona da masu duba makarantu sukan dogara ne ga motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da Land Rover. Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake ƙetare ruwa da irin waɗannan motoci ba tare da an lalata su ba, da kuma dalilin da ke bayan kowace ƙa'ida, domin wanda ya san dalili ba ya saurin manta ƙa'ida.

2.0 Iyakar Ƙarfin Motar

Ƙaramar mota ta yau da kullum, ƙafafu biyu kaɗai inji ke juyawa, ko dai na gaba ko na baya, sauran biyun bi kawai suke yi. Ita kuwa mai jan ƙafa huɗu, injinta yana rarraba ƙarfinsa ga tayoyin duka, ta yadda in biyu sun sami santsi, biyu za su ci gaba da ja. Amfanin wannan shi ne riƙe ƙasa a cikin taɓo ko yashi ko duwatsu. Iyakar amfaninsa ke nan. Ba ya hana ruwa shiga inji, ba ya kuma hana mota tasowa sama idan ruwa ya yi yawa, kuma rashin fahimtar haka shi ne ya fi jawo wa direbobi asara.

Kamfanoni da yawa sukan faɗi zurfin da motarsu za ta iya shiga a cikin littafin da ke zuwa tare da ita. Alal misali, tsohuwar Land Rover Defender an ƙayyade mata santimita 50, Hilux ta zamanin nan santimita 70, Ford Ranger santimita 80, sabuwar Defender da ta fito a 2020 kuwa santimita 90. Abin lura a nan shi ne, waɗannan alƙaluma an yi su ne don ruwa kwantacce, a kan ƙasa mai tauri, da mota mai tafiya a hankali. Ruwa mai gudu hukuncinsa daban ne. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ƙarfi wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana iya tafiya da jif. Dalili shi ne ruwa yana da nauyi, lita 1,000 nauyinta tan guda ne, kuma gwargwadon ruwan da jikin mota ya ture, gwargwadon yadda ruwan ke ɗaga ta. Da zarar nauyin da ke kan tayoyi ya ragu, jan ƙafa huɗu ya tashi a banza.

3.0 Yadda Ruwa Ke Kashe Inji

Mutane da yawa sun ɗauka ta salansa ruwa ke shiga ya kashe mota. Gaskiyar magana ita ce, muddin inji yana aiki, hayaƙin da ke fita da ƙarfi yakan hana ruwa shiga ta nan. Babbar ƙofar haɗari tana gaba, wato kafar da inji ke shaƙar iska, wadda a yawancin motoci take bayan fitilar gaba ko a cikin murfin da ke saman tayar gaba. Wajibi ne direba ya san inda wannan kafa take a motarsa, ya kuma san tsayinta daga ƙasa, domin ita ce ainihin ma'aunin zurfin da zai iya shiga.

Inji yana aiki ne ta hanyar matse iska. Fistin yakan sauka ya jawo iska cikin silinda, sannan ya hau ya matse ta a ɗan ƙaramin wuri kafin mai ya kama da wuta. Iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa. A ɗauki misalin injin gas mai lita 3 da silinda huɗu, wanda ke matse iska ninki 18. Kowace silinda tana jawo mililita 750, amma wurin da ya rage a sama idan fistin ya kai ƙarshen hawansa bai wuce mililita 44 ba, wato kimanin cikin cokali uku na cin abinci. Idan ruwan da ya fi wannan ya shiga, fistin zai taho da gudu ya ci karo da abin da ba ya matsawa, kamar ya daki dutse. Sai ƙarfen da ke haɗa fistin da sandar juya inji ya lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci har ya huda jikin injin ya fito. Duk wannan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido. Injin gas ya fi na fetur saurin lalacewa ta wannan hanya, saboda ya fi shi matse iska, ko da yake shi ma na fetur yana da tasa matsalar, wato jiƙewar fulogi da wayoyin wuta.

Don kauce wa wannan ne ake ɗaura wa wasu motoci dogon bututu a gefen gilashin gaba, wanda ke ɗauko iska daga kusa da rufin mota. Bututun yana da amfani ƙwarai idan an toshe mahaɗansa da kyau, to amma yakan yaudari direbobi. Numfashin inji kaɗai ya tsare, bai tsare kwamfutar mota da sauran kayan wuta ba, bai kuma mayar da mota kwalekwale ba.

Akwai wata ɓarnar da ba a ganin ta nan take. Akwatin giya da aksul suna da 'yan ƙananan kafofin shan iska. Idan mota ta yi doguwar tafiya, waɗannan sassa sukan yi zafi, da zarar kuma sun faɗa ruwan sanyi sai iskar da ke cikinsu ta tsuke, su zuƙi ruwa ta waɗannan kafofi. Motar za ta fita lafiya lau, sai bayan makonni a fara jin ƙugi daga ƙasa, alhali ruwa ya riga ya gurɓata mai, haƙoran giya sun ci juna.

4.0 A Bakin Mashigi

Kalmar mashigi, kamar takwarorinta masauki da mazauni, sunan wuri ce da aka ƙira daga aikatau, wato wurin da ake shiga ruwa a ƙetare. Samuwar kalmar kanta tana nuna cewa Bahaushe ya daɗe da sanin ba ko'ina ake shiga kogi ba. Saboda haka abu na farko da ya kamata direba ya yi shi ne ya tsaya, ya kashe mota ta huce, ya tambayi mutanen wurin. Masunta da masu fito da makiyaya sun san inda ƙasa take da tauri, sun san inda ruwan jiya ya haƙa rami, sun kuma san ko akwai kada ko dorina.

Idan babu wannan haɗari, sai a taka ruwan da ƙafa, riƙe da doguwar sanda, a bi layin da tayoyin dama za su bi a dawo ta layin na hagu. Ana neman sanin zurfi, da yanayin ƙasa, da duwatsu ko kututture da ke ɓoye, da kuma ko gangaren fita zai hawu da jiƙaƙƙun tayoyi. Inda ruwa ke ɓulɓuli a kan tsakuwa galibi ba shi da zurfi, inda ya kwanta lumui shi ne abin tsoro, haka nan bayan kwanar kogi ya fi cikinta zurfi. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce, ruwan da mutum ya kasa tsayawa a cikinsa saboda ƙarfin gudu, mota ba ta da hurumin shigarsa. Haka kuma gada ko kwalbatin da ruwa ya rufe, ba a yarda da shi don an san shi jiya, domin ambaliya takan cinye gefensa ta bar rami. Da dare kuwa ba a ƙetare ruwan da ba a gani. Sau da yawa ƙoramar da ta cika bayan ruwan sama takan janye cikin 'yan sa'o'i, wanda ya jira bai yi asarar komai ba sai lokaci.

In an yanke shawarar shiga, sai a ɗaure igiyar ja a mazauninta tun a tudu, a naɗe ragowarta a inda hannu zai kai, domin neman maɗauri a ƙarƙashin ruwa aiki ne mai wuya. A sauke gilasan ƙofofi don a sami mafita, tunda masu aiki da lantarki sukan ƙi motsi in ruwa ya taɓa su. Idan ruwan zai wuce bamba, ana shimfiɗa tamfol a fuskar mota, ya rage ruwan da zai kwarara ɗakin inji. Wannan yana kare fanka, wadda idan ta juya cikin ruwa fikafikanta kan lanƙwasa su yanki lagireto.

5.0 Cikin Ruwa

Ana sa giyar ƙarfi tun kafin a taɓa ruwa, wato wadda aka yi wa alamar 4L, sannan a zaɓi giya ta ɗaya ko ta biyu. A shiga sannu a hankali, sa'an nan a ɗan ƙara wuta har mota ta kama tafiya daidai da saurin mutum mai gaggawa a ƙafa. A wannan sauri gaban mota yakan turo wani ɗan tudun ruwa a gabansa, a bayan tudun kuma ruwan yakan yi ƙasa daidai wurin da inji yake. Aikin direba shi ne ya bi wannan tudu a baya, kada ya cim masa, kada kuma ya bari ya kuɓuce masa. Wanda ya afka da gudu yana tsammanin zai tsallake kafin ruwa ya ankara, shi ne ruwa kan hau kan bonet ɗinsa ya cika masa inji. A nan ne maganar Hausawa ta sauri kan haifi nawa take tabbata.

Ba a canja giya a tsakiyar ruwa, domin taka kuloci yana buɗe wa ruwa da taɓo hanya tsakanin farantansa, mota ta rasa ja a inda aka fi bukatarsa. Idan ruwan yana ɗan gudu, an fi son a karkata kaɗan zuwa inda ya nufa, maimakon a tunkare shi. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, ta biyu ta jira a tudu don ta zama mai ceto.

Idan inji ya mutu a cikin ruwa, kada a kuskura a sake tayar da shi. Mai yiwuwa ruwan da ya shiga bai riga ya karya komai ba, murɗa makulli shi zai ƙarasa ɓarnar. A fitar da mutane tukuna, a jawo motar tudu, a buɗe matatar iska a duba. In ta jiƙe, sai makanike ya kwance fulogi, ko nozul idan injin gas ne, ya juya inji ruwan ya fita ta ramukan, a canja baƙin mai kafin a tayar.

6.0 Bayan Fita

Jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa, musamman irin na ganga da ke ƙafafun bayan yawancin motocin ɗaukar kaya. Don haka sai a yi 'yar tafiya a hankali ana taka birki sama-sama har ya bushe, kafin a hau babbar hanya. A cire tamfol nan da nan don kada inji ya yi zafi, a kuma duba ko ciyawa da taɓo sun toshe lagireto. Idan an isa masauki, a duba baƙin mai da man giya da na aksul. Man da ruwa ya shiga yakan yi fari-fari kamar an zuba masa madara, irin wannan kuwa zubar da shi ake yi a ranar, a zuba sabo, a kuma sake ɗura giris a mahaɗan da ke ƙarƙashin mota.