Tashen balaga ne ko ciwon damuwa? Yadda iyaye a Kongolam za su bambance

A Kongolam, garin da ke bakin iyakar Najeriya da Nijar a Ƙaramar Hukumar Mai'adua ta Masarautar Daura, yaro kan fara neman na kansa tun bai gama sakandare ba. Wani na lodi a tasha, wani na acaɓa, wani na bin mahaifinsa kasuwar dabbobi ta Mai'adua. Yarinya kuma ta taso tsakanin talla da aikin gida da Islamiyya.

Shi ya sa idan ɗan shekara 15 ya fara barci har hantsi, ya daina fita, ana yi masa magana yana harara, abin da manya ke fara cewa shi ne tashen balaga ne, zai wuce. Idan abin ya daɗe a ce lalaci ne ko taurin kai. Idan ya ƙara daɗewa a koma zancen iska ko sammu.

Sau da yawa maganar farko ce ke tabbata, abin ya wuce da kansa. Amma akwai yaran da nasu ba ya wucewa, domin ciwo ne da likitoci suka san shi, kuma yana da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa na cikin manyansu. Hukumar ta kuma lissafa kashe kai cikin manyan dalilan mutuwar masu shekara 15 zuwa 29.

Me ya sa halin matashi ke sauyawa?

Lokacin balaga, sinadaran jiki na hawa da sauka, kuma ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa ba. Ɓangaren da ke tayar da fushi da murna da sha'awa kan riga nuna, shi kuma ɓangaren gaban goshi, mai auna abu da danne zuciya, ba ya kammala sai an haura shekara 20.

Agogon barci ma yana gusawa. Matashi ba ya jin barci da wuri kamar ƙaramin yaro, alhali jikinsa na buƙatar awa takwas zuwa goma. Wanda ya raba dare yana latsa waya, aka tashe shi da asuba, ya tafi makarantar allo sannan ta boko, ba abin mamaki ba ne ya wuni yana cin magani.

Don haka saurin fushi, son kaɗaici, musu da manya da fifita abokai a kan 'yan gida, duk suna cikin abin da aka saba gani a wannan shekaru.

Misalin gida biyu

A ɗauki misalin samari biyu sa'annin juna. Na farko ya yi faɗa da mahaifinsa kan kuɗin man babur, ya ƙi cin tuwon dare, ya shige ɗaki. Washegari da yamma yana filin ƙwallo yana ihu, da dare yana majalisa ana gardamar Barcelona da Real Madrid. Fushinsa yana da dalili, yana da wanda aka yi da shi, kuma yana sauka.

Na biyun bai yi faɗa da kowa ba. Mako uku ke nan abokai na zuwa ƙofar gida yana cewa a ce ba ya nan. Ƙwallon da yake mutuwar so ta fita ransa. Abinci sai ya tsakura, ya rame, malaminsa ya aiko cewa ba ya gane karatu. Ko da aka yi bikin yayarsa, yana gefe kamar baƙo.

Na farko tashen balaga ne ke ɗibarsa. Na biyun yana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya.

Tambayoyi uku

Abin da likitoci ke dubawa za a iya taƙaita shi a tambayoyi uku da kowace uwa za ta iya yi wa kanta.

Ta farko, tun yaushe? Ɓacin ran yau da kullum kan ɗauki awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu. Ciwon damuwa kuwa sai an yi aƙalla mako biyu ana cikinsa, kusan kullum, kuma mafi yawan wuni.

Ta biyu, a ina ake ganinsa? Mai tashen balaga kan ɗaure fuska a gida amma ya sake cikin abokai. Mai ciwon damuwa yana tafe da abinsa gida da makaranta da kasuwa da masallaci.

Ta uku, me ya hana shi yi? Idan karatu ya lalace, sana'a ta tsaya, wanka da wanki sun zama aiki, zumunci ya yanke, to an wuce batun hali.

Alamomin da ake lissafawa guda tara ne: baƙin ciki mai ɗorewa, rashin jin daɗin abin da aka saba so, sauyin cin abinci ko nauyin jiki, rashin barci ko yawansa, kasala, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, ganin kai ba shi da amfani ko yawan ɗora wa kai laifi, kasa tattara hankali, da yawan tunanin mutuwa. Likita kan nemi aƙalla biyar a tare, kuma dole ɗaya daga cikin biyun farko ta kasance a ciki.

Akwai abin da ke ruɗar iyaye. A wajen matasa, ciwon kan fito da siffar fushi da tsiwa maimakon kuka. Yaron da ake duka saboda rashin kunya, mai yiwuwa ciwo ne ke cinsa. Bayan balaga kuma ya fi kama 'yan mata, kusan ninki biyu na maza.

Dalilin da yake ɓuya

Bahaushe na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma tarbiyyar kunya da kara da haƙuri ta koya wa yara ɓoye abin da ke ransu. Ɗan fari ma ba ya sakewa da mahaifiyarsa, ita ma tana jin nauyinsa, ko sunansa ba ta faɗa.

Sai jiki ya ɗauki maganar. Yarinya ta riƙa kukan ciwon kai, ciwon ciki, jiri ko faɗuwar gaba. A je kemis a sayo maganin maleriya, a sake komawa a ce taifod ne, a yi ta allura ba sauƙi.

Yanayin gari ma yana da nasa tasiri. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, ga kuma tsadar rayuwa da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A garin da cinsa da shansa ke rataye da zirga-zirgar iyaka, yara na ganin halin da iyayensu ke ciki ko ba a faɗa musu ba. Talauci shi kaɗai ba ya nufin ciwon damuwa, amma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinsa, tare da rasuwar makusanci, rabuwar iyaye, duka da cin zarafi, auren da ba a so, faɗuwa jarrabawar WAEC ko JAMB, da samun mai irin ciwon a dangi.

Sai batun ƙwaya. Binciken amfani da miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na ta'ammali da su a Najeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wani matashin kan fara shan tramadol ko wiwi ne don ya samu barci ko ya manta abin da ke damunsa, shaye-shayen kuma ya ƙara dulmiyar da shi. Idan aka tsaya kan ƙwayar kaɗai, an bar tushen.

Alamomin da ba a jira

Akwai lokacin da ba a ƙirga mako biyu. Idan matashi ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya zame wa gida nauyi, ko yana raba kayansa yana neman gafara kamar mai bankwana, ko aka ga ya ji wa kansa rauni da gangan, a kai shi asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

A gidajen manoma, a kulle maganin ƙwari da na feshi da na ɓera, haka ma magungunan asibiti. WHO ta ce kusan kashi 20 cikin 100 na masu kashe kansu a duniya da gubar maganin ƙwari suke yin hakan, mafi yawa a yankunan karkara. Irin wannan tunani kan zo ya wuce, kuma rashin samun abin a kusa na ceton rai.

Tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta sa masa ra'ayin. Bincike ya nuna hakan, kuma sau da yawa takan zame masa sauƙi cewa wani ya lura.

Wa zai yi magana da shi?

Ba dole sai uwa ko uba ba. Kaka da ke wasa da jikanta, goggo, kawu, yaya ko malamin Islamiyya da yaron ya yarda da shi, sukan ji abin da iyaye ba za su ji ba.

A zaɓi lokacin da babu idon jama'a, a kan hanyar gona ko ana tsince wake. A faɗi abin da aka gani ba tare da zargi ba: an lura ya daina fita, ba ya cin abinci, me ke faruwa? Sannan a yi shiru a saurara. Gori, kwatanta shi da ɗan maƙwabta, ko ce masa ba shi da tawakkali, duk suna rufe baki.

Inda za a nufa

Matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, domin ƙarancin jini, sikila, ciwon maƙoƙo da wasu cututtuka na iya kawo kasala irin wannan, kuma gwaji ne zai raba gardama. Daga nan ana iya tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Saboda irin wannan giɓi ne WHO ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, don horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane lalurar su fara taimakawa. A watan Janairun 2023 kuma Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, wadda ta fi mayar da hankali kan tsare majinyaci.

Ga matasa, maganin farko shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre, gyara barci, motsa jiki, komawa cikin mutane sannu a hankali, da magance abin da ke damun yaron a gida ko makaranta. Ƙwayar magani sai likita ya ga buƙata, tana ɗaukar makonni kafin ta fara aiki, kuma ana sa ido sosai a farkon shanta. Ba abin da za a saya a kemis da ka ba ne.

Addu'a da ruƙiya ba sa hana zuwa asibiti, kamar yadda mai karaya ke addu'a kuma a ɗora shi. Abin gudu shi ne ɗaure yaro, dukansa ko kai shi gidan mari da sunan gyara.

Uwar da ke cikin shakka za ta iya farawa yau: ta sa wa ranar alama, ta riƙa lura da barcinsa da cinsa da fitarsa da karatunsa. Idan mako biyu ya cika abin bai sassauta ba, ta ɗauki abin da ta gani ta kai wa ma'aikacin lafiya, ita da yaron tare.