Jaɓa Ba Ɓera Ba Ce

Duk sa'ad da rani ya shigo aka soma maganar zazzaɓin Lassa, sai ka ji a majalisun Fagge da rumfunan kasuwar Sabon Gari ana cewa wai jaɓa ce mai kawo cutar, saboda tsinin bakinta da warinta, har yara su bi ta da duwatsu; alhali kuwa dabbar da bincike ya tabbatar da laifinta, bayan ɓullar cutar a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis.

Hujjar bambancinsu tana cikin baki. Na taɓa tarar da wata jaɓa da aka kashe a ƙofar wani sito na buhunan shinkafa, na sa tsinke na buɗe bakinta, sai ga haƙora ƙanana masu tsini jere kamar na zarto, waɗanda Allah ya halitta don tsaga kyankyasai da gyare. Ɓera kuwa manyan haƙoran gaba huɗu gare shi, biyu sama biyu ƙasa, masu kama da bakin gizago, ba sa daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa ba ya rabuwa da gurgurar buhu da katako.

Kama da wane ba ta wane. Yadda rawani ba ya tabbatar da nasaba, haka ƙaya ba ta haɗa bushiya da beguwa zumunta, domin beguwa dangin ɓera da gafiya ce, bushiya kuwa 'yar'uwar jaɓa ce. Su kansu malaman ilmin dabbobi zahiri ya taɓa ruɗarsu: tun 1821 suka tara ƙananan dabbobi masu cin ƙwari a babi guda mai suna Insectivora, sai a 1998 nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa wata dabbar Madagaska mai suna tenrek, duk da ƙayarta irin ta bushiya, ta fi kusa da giwa a asali. A 1999 aka raɗa wa babin jaɓa da bushiya sabon suna, Eulipotyphla.

Abin da ke damuna shi ne, sanarwar hukuma takan tsaya ga kalmar "ɓera" ba tare da siffanta shi ba. Da ma'aikatan lafiya za su zaga kasuwar Singa da hoton jaɓa da na wannan ɓeran, da mai sito ya san wanda ke fitsari a kan garin kwakinsa da dare.