Kafin ka zagi Gobert, ka san yadda ake tare pik-an-rol

Idan kana bin ƙwallon kwando, ko da a waya ne, da wuya a ce bidiyon nan bai wuce ta gabanka ba. A watan Mayun 2024 ne, wasa na biyu a zagayen ƙarshe na yankin Yamma na gasar NBA, Minnesota na gaban Dallas da maki 108 da 106. Luka Doncic na riƙe da ƙwallo, Rudy Gobert mai tsawon mita 2.16 na gabansa. Luka ya kaɗa shi dama da hagu, ya ja da baya, ya jefa ta maki uku ana saura daƙiƙa uku a tashi. Dallas ta ci 109 da 108. Kafin gari ya waye an gama yi wa Gobert wankin babban bargo a X da TikTok: wai wannan ne gwarzon tsaro na shekara?

To amma me ya fito da ƙaton da mazauninsa ƙarƙashin kwando har bakin layin maki uku? Pik-an-rol ne ya jawo shi.

Dabarar ta mutum biyu ce. Kai kana da ƙwallo, wani na gadinka. Sai dogon abokin wasanka ya zo ya tsaya cak a hanyar mai gadin naka, ya zama shinge. Kana zagaye shingen, shi kuma ya sulale ya nufi kwando. Na ɗan lokaci, mai gadin dogon ya zama shi kaɗai tsakanin mutum biyu. Da wannan John Stockton da Karl Malone suka kai Utah Jazz wasan ƙarshe a 1997 da 1998.

Koci yana da manyan hanyoyi uku na tare ta, kuma kowace da kuɗinta.

Ta farko, dogon mai tsaro ya ja baya ya tsare kwando, mai gadin ƙwallo ya bi ta bayan shinge yana kora. Haka Milwaukee ta riƙa yi da Brook Lopez, ta kuma ɗauki kofi a 2021. Ana toshe jifa mai sauƙi a kusa, amma an bar wa mai ƙwallo fili. Idan Stephen Curry ne ko Luka, ai kyauta ka ba shi.

Ta biyu, musaya: kowa ya karɓi na kusa da shi. Ba a bar fili ba, sai dai ƙato ya koma gadin mai zafin nama, ƙarami kuma ya koma kokawa da ƙato. Golden State ta ci ribar wannan saboda Draymond Green na iya gadin kusan kowa. Amma ita ma an cije ta a nan: a wasa na bakwai na 2016, Cleveland ta yi shinge har Curry ya koma kan Kyrie Irving, shi kuma ya jefa ta maki uku a kansa, aka tashi 93 da 89.

Ta uku, tarko: mutum biyu su rufar wa mai ƙwallo don ya rabu da ita. Idan ya rikice, an ƙwace. Idan kuwa ƙwallon ta fita lafiya, huɗu ne za su fuskanci uku, kuma wani zai samu kansa shi kaɗai a kusurwa. Curry da Draymond sun daɗe suna cin abinci da wannan.

Yanzu koma kan Minnesota a daren nan. Su ja baya, Luka ya samu fili. Su yi masa tarko, ya miƙa wa wanda ke tsaye babu mai gadi. Gaba kura, baya sayaki. Aka yi musaya, Gobert ya tsaya gabansa, ya hana shi kutsawa, ya tilasta masa jifa daga nesa yana ja da baya. Irin jifan da masu tsaro suke so a yi ke nan. Ta shiga ne kawai, don Luka ne.

Wannan ba ya nufin Gobert ba shi da rauni. A 2021, lokacin yana Utah, Clippers sun zuba masu jifa biyar a fili, suka raba shi da kwando, Terance Mann ya ci maki 39 a wasa na shida. Duk da haka sau huɗu aka ba shi kyautar gwarzon tsaro, a 2018 da 2019 da 2021 da 2024.

Saboda haka idan irin wannan bidiyo ya sake zuwa maka, kafin ka tura wa abokai da alamar dariya, nemi cikakkensa ka mayar da shi baya daƙiƙa biyar. Cire idonka daga kan ƙwallon. Kalli ƙafafun dogon mai tsaro lokacin da aka kafa shinge, sannan ka kalli mai gadin kusurwa, ko ya taho taimako ko ya tsaya. A nan za ka ga abin da koci ya yarda ya bari da abin da ya ce a hana ko ta halin ƙaƙa.