Ɗan Makunnin But Ɗin Mota: Yadda Ake Gane Ciwonsa

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na ga tabbacin wannan magana a hutun da ya wuce a garinmu Miga, lokacin da motar kawuna ta ɗauki wata ɗabi'a ta yin jiniya da tsakar dare, alhali babu wanda ya taɓa ta. Da safe kuma sai a tarar batir ya yi sanyi. Ran da aka tashi kai wata maƙwabciyarmu asibiti a Jahun, sai da samari suka tura motar kafin ta tashi. Kawu ya sayi sabon batir, bai yi mako ba shi ma ya kwanta. Ashe mai laifin wani ɗan makunni ne da bai fi kan yatsa ba, yana ɓoye cikin sakatar but.

Motocin da, irin su Fijo 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, tsaronsu bai wuce makulli ba. Amma yawancin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano suna da wata 'yar kwamfuta mai lura da ƙofofi da bonet da but. Kowace ƙofa tana da makunninta. A yawancin motoci, in aka ɗaga murfin but, makunnin yakan haɗa wayarsa da ƙarfen jikin mota, sai fitilar but ta kama, alama ta fito a gaban direba. In kuwa motar a kulle take, kwamfuta za ta ɗauka ɓarawo ne, ta saki jiniya.

To, idan makunnin ya lalace, sai ya riƙa faɗa wa kwamfuta ƙarya. Abubuwan da ke jawo haka a ƙasarmu sanannu ne: ƙurar hunturu, da ruwan damina mai kawo tsatsa, da cika but da buhunan shinkafa ko riɗi har a danne murfi da ƙarfi sakata ta goce, da kuma wayar da ke bi ta mahaɗin murfi, wadda buɗewa da rufewa kan tsinka.

Me ya haɗa wannan da batir? Ga lissafi ga 'yan ajin kimiyya. Ƙwan fitila mai wat 5 a kan batir mai bolt 12 yana jan kimanin amfiya 0.4. A awa 24 ya sha kusan amfiya-awa 10 ke nan. Batirin ƙaramar mota kuwa yakan ɗauki 45 zuwa 60 ne kawai, saboda haka kwana uku ko huɗu sun isa a wayi gari mota ta ƙi tashi.

Ga yadda wani mai gyaran wayar mota a Dutse ya bi sawun ciwon a gabana.

Da fari ya sauke kaya, ya rufe but sosai, ya duba ko alamar ta ɓace. Ba ta ɓace ba.

Na biyu, ya kunna bidiyon wayar salula, ya ajiye ta a ciki, ya rufe. Da ya buɗe, hoto ya nuna fitila ba ta mutu ba.

Na uku, murfi na buɗe, ya sa sukundireba ya danna harshen sakata har ya yi ƙas, kamar an rufe. Ya ce da fitilar ta mutu a nan, to, sakatar ce ta goce daga maƙalinta, saiti kawai take so. In an yi wannan gwaji, a tuna a saki harshen kafin a rufe murfi, don kada ya karye.

Na huɗu, ya zare soket ɗin makunnin. Nan take fitila ta mutu, watau laifin yana cikin makunnin. Da ta ci gaba da ci, da mun san waya ce ta kware tana taɓa ƙarfe, sai a jijjiga wayoyin mahaɗin murfi a ga inda fitila za ta ƙifta. Ya tabbatar da mita, ya tarar makunnin a haɗe yake, ko an danna ko an saki. Tsatsa ce ta manne shi. Ya wanke, ya busar, ciwo ya warke. Ya ƙara da cewa wasu motoci suna aiki akasin haka, shi ya sa ake sa na'urar bincike a ramin OBD-II, wanda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996.

Ina da gargaɗi biyu. Kada a kuskura a sa yaro cikin but don ya duba fitila, gama zafi da rashin iska suna kisa. Saboda irin wannan hatsari ne Amurka ta wajabta sa maɓallin buɗewa daga ciki a 2001. Sa'an nan kada a yanke wayar jiniya don a sami barci, domin fitila za ta ci gaba da shanye batir, ran da ɓarawon gaske ya zo kuma babu mai ji.

Iyayenmu masu mota, kafin ku zargi batir, ku fara leƙa but. Mu kuma ɗalibai, mu koyi bin matsala daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, tun da tambaya rabin ilimi ce. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.